Hibernate na cinye mamori in ina loda bayanai da yawa, ina mafita?

Sabon-shiga:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina haɗa wa wata makarantar sakandare manhajar sakamakon jarrabawa da Java, Hibernate (mai haɗa Java da rumbun bayanai) da rumbun bayanai na MySQL. Makin shekarun baya duk a Excel yake, layuka sun haura dubu ɗari. Lodin kan fara da gudu, can sai ya soma jan ƙafa, ƙarshe ya mutu da OutOfMemoryError. Wani abokina ya ce in riƙa kiran session.clear a tsakiya. Mamori dai ya lafa, sababbin layuka ma sun shiga, amma jimillar makin da nake sabuntawa ga kowane ɗalibi ba ta motsa ba. Me ke faruwa?

Tsohon-hannu:
Wa alaikumus salam Malam. Shawarar abokinka rabi ce. Duk abin da ka adana ko ka ɗauko, session (zaman aikin da Hibernate ke buɗewa da rumbun bayanai) na riƙe da shi, har da kwafinsa na asali don ya kwatanta ya gane me ya canza. Wannan ma'ajiyar matakin farko ba a kashe ta, shi ya sa aikin ke ƙara nauyi. To clear ba ya tambaya, yana zubar da komai ne, har da gyaran da bai kai rumbun bayanai ba tukuna. Ka kira flush tukuna, shi ke tura gyare-gyaren zuwa rumbun, sannan clear, bayan kowane layi 50 misali.

Abin da ya ceci sababbin layukanka kuwa IDENTITY ne, wato tsarin da MySQL ke ba kowane sabon layi lambarsa. Hibernate na buƙatar lambar da MySQL zai bayar, don haka nan take yake tura INSERT, shi kuwa UPDATE sai lokacin flush. Saboda wannan dalilin ne ma hibernate.jdbc.batch_size ba zai haɗa maka INSERT a dunƙule ba, kada ka wahalar da kanka.

Mai-gyaran-dare:
Ƙari kan bayanin Yallabai: bayan clear, ɗalibin da ke hannunka ya yanke da session. In ka taɓa jerin darussansa da ba a riga an ɗauko ba, LazyInitializationException za ka gani. Sake ɗauko shi da find. Ni dai irin wannan lodin StatelessSession nake ba shi, ba ya riƙe komai. Sai dai da kanka za ka kira update, kuma babu cascade, wato aikin ba zai zarce da kansa zuwa abubuwan da ke haɗe da ɗalibin ba.

Sabon-shiga:
Allah Ya saka da alheri, jimilla ta daidaita. Ma'ajiyar mataki na biyu fa, ita ma clear na share ta?

Tsohon-hannu:
A'a, tana ƙarƙashin SessionFactory, clear ba ya isa gare ta. In ba ka haɗa Ehcache (manhajar da ke samar da wannan ma'ajiyar) ko makamancinsa ba, babu ruwanka da ita.