Neman shawara: Waza zan kai ɗalibaina ko gandun dajin Binuwai?

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ni malami ne a Garwa, ina koyar da labarin ƙasa. Shekara da shekaru ina zana wa yara fadamar Waza a kan allo, sai kwanan nan wata yarinya ta tambaye ni ko da gaske akwai raƙumin dawa a Kamaru, kuma abin ya tsaya mini a rai. Ina so su gani da idonsu. Wanne ya fi dacewa, kuma a wane lokaci?

Wani dattijo daga Marwa:
Wa alaikumus salam, Malam. In don siffar ƙasa ne, babu kamar Waza. An keɓe shi tun 1934, ya zama gandun daji na ƙasa a 1968, faɗinsa murabba'in kilomita 1,700. Daga yamma itatuwan dushe ne, inda raƙuman dawa ke miƙa wuya suna tsinkar ganye a tsakanin ƙaya, daga gabas kuwa fadama ce shimfiɗe iya ganinka, wadda ambaliyar kogin Logone ke shayarwa. Ka nuna wa yaran yadda madatsar Maga, da aka gina a 1979, ta rage wannan ambaliya har ciyawa ta ja baya, domin darasi ne babba. Sai dai ba zan ɓoye maka ba, yankin ya sha fama da rashin tsaro, kuma 'ya'yan mutane amana ne. Kada ka ɗaga ƙafa sai ka ji ta bakin hukuma.

Wata malama daga Ngaundere:
Baba ya faɗi gaskiya, shi ya sa ni Binuwai zan ba ka shawara, Malam, tunda yana kan hanyar Garwa zuwa Ngaundere. Ƙasar tudu da kwari ce mai itatuwa, kogin Binuwai kuma idan ya janye da rani yakan bar rairayi da duwatsu. Da muka je, mun tsaya shiru a bakin gaɓa da sassafe, dorina ta fito da hanci ta fesa ruwa, yaran suka ƙanƙame juna.

Wani direba daga Garwa:
Ranka ya daɗe, da damina hanyoyin ciki ba sa biyuwa. Ku tafi tsakanin Janairu da Maris, lokacin da ciyawa ta kwanta, dabbobi suka taru a bakin ruwa. Ku ɗauki ruwan sha mai yawa, kuma kada yaro ya sauka daga mota sai mai gadin daji ya ba da izini.