Na ga tsohuwar 350Z a Haraj, in saya ko in haƙura?

Ɗan Sabil (Jidda):

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sanin harkar mota ku ba ni shawara kafin in yi abin da zan dawo ina cizon yatsa. Shekarata tara ina jan Accent, ita ke kai ni aiki ita ke dawo da ni, ba ta taɓa ba ni kunya a hanya ba, amma wallahi tuƙinta kamar shayi ne babu sukari, ka sha dai don ka sha. To sati biyu da suka wuce ina kwance ina latse-latse a Haraj, shafin saye da sayarwa na Saudiyya, sai ga Nissan 350Z ƙirar 2006, ruwan goro, giyar hannu, ta ci kilomita dubu 240, mai ita yana neman riyal dubu 27 kuma daga maganarsa na ga zai rage.

Na je na ganta bayan isha'i, ya miƙo min makulli ya ce zagaya. Ya jama'a. Kana shiga ka ji kamar a kan tabarma ka zauna don ƙasa-ƙasa take, ga wasu agogo guda uku a saman dashbod duk sun juyo suna kallonka, in ka ɗaga sitiyari agogon gudun ma tare yake tashi da shi. Da na taka ta a giya ta biyu wani gurnani ta yi daga baya wanda har yanzu in na kwanta ina jinsa a kunnena. Tun muna yara muna tara kuɗin makaranta mu je shagon PlayStation wannan motar nake zaɓa, yau ga ta a hannuna.

Matsalar ita ce sai na sayar da Accent kuɗin za su kai. Kuma kujera biyu ce kawai, ga Hajiyarmu a Makka duk Juma'a nake zuwa, wani lokacin ni ke kai ta asibiti, ga maganar aurena an sa bayan aikin Hajji. Abokaina sun rabu biyu, wasu na cewa rai guda ne ka saya, wasu na cewa asiri aka yi min. Wanda ya taɓa riƙe irinta ya faɗa min gaskiya.

Tsohon Bakanike (Makka):

Wa alaikumus salam ɗana. Ni tun kafin a haife ka nake kwance ƙarƙashin mota a warsha, wato garejin gyara, to ka saurara da kyau.

Injinta ba abin tsoro ba ne, VQ35 ne, silinda shida, lita 3.5, danginsa ne a cikin Maxima da Altima da Infiniti G35, saboda haka fulogi da koyil da su filta ba za ka sha wahalar nema ba. Sai dai wannan ta 2006 mai giyar hannu an san ta da shan baƙin mai, ka tambayi mai ita lita nawa yake ƙarawa tsakanin juye da juye, in ya ce ko ɗigo ba ya ƙarawa to ka kalli idonsa da kyau. Kuma kar ka sake zuwa da dare. Mota irin wannan da safe ake ganinta, injin a sanyaye, kai za ka fara sa hannu a bonet ka tabbatar ba a ɗumama ta kafin ka iso ba, sannan a tayar kana tsaye a baya wajen salansa. Hayaƙi shuɗi-shuɗi ka yi sallama ka tafi.

Abin da ke kashe irin waɗannan motoci a ƙasar nan ba inji ba ne, rana ce. Mota mai shekara kusan ashirin a zafin Jidda da gishirin teku, duk wata roba da ke jikinta ta gama dahuwa, tiyon ruwa, kan lagireto, bushin ƙafafu, robar ƙofa, yau ka canza wannan gobe wancan ya fashe, ba su taɓa mutuwa rana ɗaya don ka huta, layi suke bi. Mukayyif, wato na'urar sanyaya mota, kuwa ka gwada shi da azahar a tsaye cikin cunkoso ba da daddare a bakin teku ba.

Abu biyu kuma da ba zan yafe maka ba in ka ƙi dubawa. Na ɗaya ruwa. Motar Jidda ce, ta ga ambaliyar 2009, ta ga ta 2011, ta ga ta 2022, ita kuma gajera ce ruwan da Land Cruiser zai ratsa yana dariya ita har kujera yake kai mata. Ɗaga kafet ka shinshina, ka leƙa ƙarfen da kujera ke gudu a kai ko akwai tsatsa. Na biyu tafhiɗ, wato wasan juya mota. Motar da ke ja da baya kuma mai giyar hannu, da wuya ta kai wannan shekarun ba ta faɗa hannun yaran da ke juya mota a kwalta ba, ka sa hannu cikin mudgad na baya in ka ji narkakken roba ya manne, ka ji difiranshal yana kuka, kuloci yana kamawa can sama, ka san tarihin da ba a faɗa maka ba.

Kayan bodi su ne ciwon kai. Fitila, bamba, gilashin baya, ba Camry ba ce da za ka shiga tashlihin Biraiman, inda ake kwance matattun motoci a sayar da kayansu, ka samu goma ka zaɓa, sai ka yi yawo ko ka yi oda daga Dubai ko Amurka ka zauna jira. Tayoyin baya sun fi na gaba faɗi, ba a musanya su. Mai kuma 95 take sha, lita riyal 2.33, tankinta ya haura lita 70, ka yi lissafin Jidda zuwa Makka duk sati da kanka.

Mai Rotari A Da (Riyad):

Baba ya gama magana, ni labarina kawai zan ba ka ɗan'uwa. Na riƙe Mazda RX-8 shekara uku. Wannan ba fistin gare ta ba, wani abu ne mai kusurwa uku yake juyawa a ciki, lita 1.3 kacal amma sai allura ta doshi dubu tara tana wani zuƙi kamar keken ɗinki ya haukace. Ranar da na saye ta ban yi barci ba, sau uku ina saukowa daga bene in duba ta.

Abin da ban sani ba, kuma laifina ne don ban tambayi kowa ba, ita haka aka ƙera ta tana ɗan ƙona baƙin mai da gangan, dole galan yana but kullum, sannan ba ta son a tayar da ita a sanyi a kashe nan take. Wata safiya cikin hunturun Riyad maƙwabcina ya buga min ƙofa wai na tare shi, na fito da jallabiyar barci na ja ta baya kamar taku biyar na kashe. Shike nan. Da na fito tafiya aiki ta ƙi tashi, fetur ya cika mata ciki, na yi ta murza makulli har batir ya mutu, aka zo da saɗha, motar ɗaukar mota, aka ɗauke ta yaran unguwa suna ɗaukar bidiyo. Warsha huɗu na je kowa ya buɗe bonet ya leƙa sai ya ce ma a'arif, wai bai sani ba. Na biyar ɗin ne wani dattijo ɗan Pakistan ya san kanta, shi ma sai da ta yi kwana tara a wajensa, ni kuma ina ta biyan tasi ana yanke min albashi don makara.

Ka ga a shekara ukun nan abin da na kashe mata na daina rubutawa don kar in tsani kaina. Hanyar tashlihin Ha'ir kuwa ko ido rufe zan kai ka. Amma in faɗa maka wani abu da zai sa a ce ba ni da hankali, yanzu Corolla nake ja, sabuwa, ba ta taɓa tari ba, kuma ban taɓa fakin na waiwayo na kalle ta ba ko sau ɗaya. Waccan kuwa ko a bakin baƙala na tsaya sayen burodi sai na juyo. Akwai wani dare da muka hau hanyar dutsen Hada daga Makka zuwa Ɗa'if ni da ƙanina, gilashi a sauke, iska na ƙara sanyi muna ƙara hawa, kwana bayan kwana motar nan kamar ta san abin da ke zuciyata kafin in juya sitiyari, ba ma gudu muke ba wallahi, giya ta biyu da ta uku ne kawai. Har gobe in muka haɗu da shi sai ya tayar da zancen daren nan.

To ni ba zan ce kar ka saya ba. Abin da zan ce kar ka sayar da Accent. Ni abin da ya karya ni kenan, ita kaɗai gare ni, ranar da ta yi fushi ni ma na zauna.

Maman Biyu (Madina):

Ƙanina bari in yi magana da bakin amaryar da ba a tambaya ba, hhh. Maigidana yana da Mustang ƙirar 2005 tun kafin aurenmu, ni kishiya nake ce mata, shi ma ya daina musu. Ita tana da kujerun baya ma amma na ado ne, da cikina ya tsufa sai an kama hannuna ake zaro ni daga ciki kamar ana ciro guga daga rijiya. Duk maɗab ɗin unguwa, tudun nan na rage gudu, sai ya bi shi a karkace a hankali motoci na ta hon a bayanmu, in kuwa ka ji ƙurrr a ƙasa to ranar ba a yi masa magana sai bayan la'asar. Buhun shinkafa ɗaya da keken yaro but ya cika.

Kuma ka ce Hajiya kake kaiwa asibiti? Tsohuwa mai ciwon gwiwa za ka ce ta durƙusa ta shiga wannan? In ta shiga wa zai fito da ita? Ni dai ƙarshe tunda aka ba wa mata izinin tuƙi a 2018 na yi lasin na sayi 'yar Yaris ɗina, muka zauna lafiya, shi da kishiya ni da yara. Gaskiya ranar Alhamis in ya wanke ta ya ce zo mu zaga, ina shiga, ba zan ɓoye ba.

Yaro Da Kuɗi (Jidda):

Kai Yaya saya kawai!! Waɗannan duk tsoro suke ba ka. Irin motocin nan ƙarewa suke, mota in ta wuce shekara biyar ba a barin a shigo da ita sai in ta zama ta tarihi can, to wadda ke cikin ƙasa ita ce ke nan, kullum raguwa suke. In kujera ce matsala nemi Lumina SS, V8, ƙofa huɗu, Hajiya ta zauna a baya kamar sarauniya, kayanta kuma cike da tashlihi.

Tsohon Bakanike (Makka):

Kai yaro, Lumina SS da ba a yi tafhiɗ da ita ba in ka samo min guda ɗaya a Jidda zan gyara maka motarka kyauta shekara. Kamfanin Holden da ke ƙera ta a Ostireliya ma tun 2017 ya daina ƙera mota. Kuma ka faɗa wa Yayan naka tarar tafhiɗ riyal dubu 20 ce karon farko, na biyu dubu 40, ga Sahir, kyamarar kama masu laifin tuƙi, a kowace kusurwa yana jira, saƙo kawai zai ji ya shigo waya. Doki kusan 300 a ƙarƙashin ƙafar saurayi, ka ce ba zai taka ba?

Ɗana na manta, kar ka ba da ko riyal ɗaya sai ka ga takardar fahas (gwajin lafiyar mota) mai rai da istimara (takardar rajista), kuma ka duba salansar, in an canza ta an sa mai ƙara ko an cire wani abu a ciki kai za ka sha wahalar a wajen fahas ba shi ba.

Ɗan Sabil (Jidda):

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba na bi maganarka, jiya bakwai na safe na dira ƙofar gidansa ban sanar da shi ba. Hayaƙi babu alhamdulillahi, kafet ma a bushe ba wari. Amma da na sa hannu a mudgad na baya sai da na ɓamɓaro roba kamar ƙanzo, na nuna masa ya yi dariya ya ce ƙaninsa ne, sau ɗaya ne wai. Salansar ma ba ta asali ba ce, ashe gurnanin da ya hana ni barci na kanti ne. Gilashin ɓangaren direba yana sauka amma sai an taimaka masa da hannu yake hawa. Ya sauko dubu 23 tun ban buɗe baki ba, wannan ma ya ƙara tsorata ni.

Anti Maman Biyu na nuna wa Hajiya hoton, ta daɗe tana kallo ta ce ina sauran motar. Amarya kuma ban faɗa mata ba tukuna.

Accent dai na fasa sayarwa. Akwai adashin da zan ɗauka bayan Ramadan, in motar tana nan har lokacin Baba zan kawo maka ita Makka ka ɗaga ta ka leƙa ƙasanta, ka turo min inda warshar take ta saƙo. Yaya Mai Rotari, wannan hanyar Hada da dare, ƙarfe nawa kuka hau?