Me ya sa sukarina ke hawa bayan gudu, amma ya sauka bayan tafiya?

Baban Khalid:
Assalamu alaikum. Shekara 3 ke nan da aka tabbatar mini da ciwon sukari nau'i na 2, kuma likita ya bayyana mini cewa jikina yana samar da insulin, wato sinadarin da ke shigar da sukari daga jini zuwa ƙwayoyin jiki, sai dai ya daina jin sa yadda ya kamata. Tun da na fara tafiyar sassarfa ta minti 30 nake ganin sukarin yana sauka, amma ranar da na gwada gudu mai tsanani, da na auna sai na ga ya haura abin da yake kafin in fita. Ga shi nauyina bai ragu ba. Ina so in san ko wahalar banza nake sha.

Hajiya Ummi:
Wa alaikumus salam, Baban Khalid. Ba wahalar banza kake sha ba, kuma abin da ka gani yana da dalili. Tsoka ita ce ke kwashe mafi yawan sukarin da ke cikin jini bayan an ci abinci, ta wata kafa da ake kira GLUT4, wadda a al'ada insulin ne ke fito da ita saman ƙwayar tsoka. Abin da ke faranta mini rai shi ne, motsin tsoka kaɗai yana iya fito da wannan kafa ko da insulin bai yi aikinsa ba, shi ya sa tafiya ke sauke maka sukari. Gudu mai tsanani kuwa yana sa jiki ya saki sinadaran da ake kira adrenalin da gulukagon da kotisol da yawa, su kuma sai su sa hanta ta juyo sukarin da ta adana cikin jini fiye da abin da tsoka za ta iya ƙonawa nan take. Hawan na ɗan lokaci ne.

Maganar nauyi kada ta karya maka gwiwa, domin jiki yana ƙara jin insulin ko sikeli bai motsa ba. Sai dai wannan amfani yana gushewa cikin awa 24 zuwa 72, kuma saboda haka ne Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Amurka ta ba da shawarar motsa jiki na minti 150 a mako, kada a wuce kwana 2 a jere ba a motsa ba.

Malam Idi:
Na gamsu da bayanin Hajiya, amma ina so in ƙara jan kunne, domin ni na taɓa ji a jikina. Ina shan glibenclamide, maganin sukari da ke sa jiki ya ƙara fitar da insulin, na fita tafiya ban karya ba, sai gumi mai sanyi ya keto mini, hannuna yana karkarwa har na kasa riƙe na'urar awo, wadda ta nuna ƙasa da 70, wato sukarina ya sauka fiye da kima. Mai allurar insulin ko irin wannan magani ya auna kafin ya fita, ya kuma riƙe abin zaƙi a aljihu. Mai shan ƙwayar maganin sukari ta metformin kaɗai ba kasafai hakan ke samunsa ba.

Baban Khalid:
Allah Ya saka muku da alheri. Metformin nake sha, kuma yanzu na gane inda nake kuskure: kwana 3 a jere nake fita, sannan in kwanta sauran mako. Zan rarraba ranakun, in nuna wa likita sakamakon awon idan na koma.