Taƙaitawa: Zaɓen Mahaɗin Wuta ga Ƙananan Mutum-mutumin Faɗa

Ga abin da aka tattaro daga tattaunawar da aka yi kan wane mahaɗin wuta (abin da ke haɗa wayoyin lantarki) ya fi dacewa da ƙananan mutum-mutumin da ake gasar faɗa da su:

1. Kusan kowa ya amince cewa mahaɗi samfurin XT30 ne ya fi dacewa da batirin mutum-mutumi mai nauyin kilo 1.5, domin yana ɗaukar amfiya 15 (ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya) ba tare da ya yi zafi ba, ba ya shiga a juye, kuma da wuya ya fice idan aka yi karo.

2. Ƙaramin mahaɗi samfurin JST-PH amfiya 2 kacal yake ɗauka, don haka kada a ɗora masa injin makami.

3. Ra'ayi ya rabu a kan wayoyi uku na injin. Wasu sun zaɓi MR30, mahaɗi mai ɗaukar wayoyi uku, saboda saurin sauya injin tsakanin karawa, wasu kuwa sun fi son liƙe wayoyin da dalma kai tsaye, tunda a ajin mutum-mutumi masu nauyin gram 150 ko nauyin mahaɗi abin lissafi ne.