Shawarwari kan tura labari a WhatsApp

A wata tattaunawa da aka yi kan tura labari a WhatsApp, shawarar da ta fi ɗaukar lokaci ita ce tantance labari kafin a tura shi, kuma an kafa ta ne a kan aya ta 6 ta Suratul Hujurat, wadda ta umarci muminai su yi bincike idan fasiƙi ya zo musu da labari. Mahalarta sun ce saƙon murya mai cewa an kai hari wata unguwa, ba sunan mai magana, ba ranar da abin ya faru, ya fi labarin fasiƙi rauni, tunda shi fasiƙin aƙalla an san ko wane ne. A ganina wannan hujja ta wadatar. Sun ce a fara kiran wani mazaunin unguwar, in ba a samu ba a riƙe saƙon.

An kuma kawo hadisin da Muslim ya ruwaito, cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗar duk abin da ya ji, saboda haka rubuta "yadda aka turo mini" ba ya ɗauke alhaki. An roƙi 'yan jarida su daina jingina laifin mutum ɗaya ga ƙabilarsa ko addininsa, wanda kuma ya yaɗa kuskure ya janye shi a zauren da ya yaɗa shi.