Shin da Mary Anning aka yi "She sells seashells"?

Malama Binta: Assalamu alaikum. Wannan karya-harshen Turanci da muke sa yara su maimaita a aji, "She sells seashells by the seashore", wato tana sayar da ƙumba a bakin teku, ashe akwai wadda aka yi dominta. Mary Anning ce, 'yar garin Lyme Regis a kudancin Ingila. An haife ta a 1799, ta rasu a 1847. Mahaifinta kafinta ne, ya rasu ya bar su cikin talauci, sai ta dinga tono ƙasusuwan dabbobin da suka zama dutse a gaɓar teku tana sayarwa su ci abinci.

Malam Sani: Wa alaikumus salam, Malama. Tarihinta haka yake, amma ina hujjar haɗin? Waƙar da ta yaɗa jimlar, Terry Sullivan ne ya rubuta ta a 1908, ɗan wasan barkwanci Wilkie Bard ya rera, shekara 61 bayan rasuwar Mary. Babu sunanta a ciki, babu sunan garinsu. Kuma jimlar ta girmi waƙar, tana cikin littattafan gyaran lafazi tun ƙarni na 19.

Malama Binta: To ai wannan ya ƙara matso da ita kusa da zamanin Mary ke nan.

Malam Sani: Kusancin zamani ba shaida ba ne. Wanda ya ƙirƙira sauti yake farauta. Ki faɗi "she sells" sau biyar da sauri ki ji: a kan "sh" harshe yana ja baya, leɓe ya ɗan turo gaba; a kan "s" ya dawo bayan haƙora. Tazarar kaɗan ce, shi ya sa baki ke rikicewa, 'yan kallo su fashe da dariya. Da ƙumba ba ta fara da "sh" a Turanci ba, da wani abu daban aka ba matar ta sayar.

Hajiya Rabi: Ni abin da ya dame ni daban ne. Yarinyar da ita da yayanta Joseph suka tono ƙasusuwan ichthyosaur, wata dabbar teku ta zamanin da mai kama da kifi, tana 'yar shekara 12, ta kuma gano cikakken ƙwarangwal na plesiosaur, wata dabbar tekun ta zamanin da mai dogon wuya, a 1823, a ce abin tunawa da ita sayar da ƙumba? Ƙungiyar masana duwatsu ta Landan ba ta karɓar mata a lokacin, maza suka dinga rubutu a kan abin da ta tono, wasu ko ambatonta ba su yi ba.

Malama Binta: Hajiya, ai da wannan jimlar nake jawo hankalin yara zuwa gare ta. Ba don ita ba, da yawansu ba za su taɓa jin sunanta ba.

Hajiya Rabi: Ki ba su labarinta, Malama, wallahi ya isa shi kaɗai. Amma kada ki ce musu dominta aka yi.

Malama Binta: Zan ce musu haka mutane ke faɗa, kuma ba a samu rubutun zamaninta da ya tabbatar ba. Raba su dai ba zan yi ba.