Ya ake buɗe fayil ɗin .mix na Red Alert 2?

Ɗan Samaru:
Salam 'yan uwa. Tun muna yara a gem santa nake son Red Alert 2, gem ɗin yaƙin nan na kwamfuta, yanzu na saka shi a laptop ina so in ƙara wa tankokin Sobiyet ƙarfi in canza musu kala, amma komai yana cikin ra2.mix, fayil ɗin da aka dunƙule kayan gem ɗin a ciki, kuma Notepad shirme kawai yake nuna min. Da wane irin manhaja ake fito da su?

Na Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Nemi XCC Mixer, masoya gem ɗin ne ke amfani da shi tun da daɗewa, kyauta ne. Ka buɗe ra2.mix, ka shiga local.mix, a nan rules.ini, fayil ɗin ƙa'idojin gem ɗin, yake, ka ciro shi ka ajiye a folda ɗin gem ɗin, shi gem ɗin zai fara karantawa. Kuɗin tanki, gudunsa, Strength (ƙarfin jure hari) duk suna nan. Amma don Allah ka yi kwafi kafin ka taɓa komai.

Ɗan Kongo:
In Yuri's Revenge ne, wato ƙarin da aka yi wa gem ɗin, rulesmd.ini za ka nema malam. Batun kala kuma, tankoki ba hoto ba ne, fayil ɗin .vxl ne, sai da manhajar Voxel Section Editor ake gyara su, sojoji da gidaje su ne .shp.

Ɗan Samaru:
Na gode, ya fito wallahi. Zan iya bugawa da abokina haka?

Na Tudun Wada:
Sai shi ma ya saka irin rules.ini ɗinka sak, in ba haka ba wasan zai yanke muku a tsakiya.